Kwandon Cefanen Juma'a

Ku da kuke zama gaban talabijin kuna ihun a kori koci, ku rage murya tukuna. Jiya jikana Basiru ya kusa karya mini kujera don wani koci can ƙasar Turawa ya cire ɗan wasa ya sa wani. Wai shi ma zai iya aikin, ai tsayuwa ce kawai a bakin fili ana nuna yatsa. To, ni Adiza ban taɓa zama a aji ba, amma shekara goma sha ɗaya na yi ina dafa wa kulob ɗin ƙwallo abinci a garin nan na Tamale. Abin da idona ya gani zan faɗa, ku rubuta shi yadda na faɗa, kar wanda ya gyara mini magana.

Wake da shinkafa nake sayarwa a bakin filin da suke tirenin a Nyanshegu lokacin da Koci Isaka ya gan ni. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya buga ƙwallo a kudu har gwiwa ta hana shi. Kwana bakwai yana zuwa ya sayi abinci, ya koma gefe ya tsaya yana kallon hannuna da randata da tsumman goge kwano. Ni kuwa na gama yanke cewa ɗan rahoton duba-gari ne, har na fara ɓoye masa nama mai kyau. Ran na takwas ya ce:

"Mma, ina kike ɗibar ruwa?"

Na ce, "Abinci ka zo saya ko rijiya?"

"Na ga kina tace ruwan dam da ƙyalle, kina tafasawa. Wa ya koya miki?"

"Ƙurƙunu ya koya mini. Damina guda ya kwantar da maigidana."

Ya ce, "To ni kiwon ƙafafu nake yi. Ƙurƙunu ya kama mini guda ɗaya, na shiga uku. Za ki dafa mana?"

Haka na fara. Na ɗauka na iya girki, kuma na iya, har yau babu macen da ta fi ni miyar ayoyo daga nan zuwa Gurugu. Amma girkin 'yan ƙwallo sai da ya zaunar da ni ya koya mini kamar sabuwar amarya. Ranar wasa babu mai da yawa. Tuwon zafi sai a daren jajibiri, ba da safe ba. Abincin ƙarshe ya shiga ciki tun rana ba ta kai tsaka ba. In na sauke tukunya in ɗaure murfinta da zane, ƙulli irin nawa, in na dawo na tarar ƙullin ya sake, a zubar da abincin ko da na mutum talatin ne. Kuma kafin kowa ya sa hannu shi ne zai fara ci, a gabansu, ya zauna ya jira. In akwai abin da aka zuba, cikin koci zai fara samu. Wannan ba ku gani a talabijin.

Kayan aikinsa duka jakar fata ɗaya ce a bayan keke. Usur, ɗan littafi da ya yi baƙi da gumi, man kaɗe na murza ƙafa, allura da zaren ɗinkin takalmi, da murfin kwalabe ashirin da biyu a cikin gwangwanin madara. Da murfin nan yake koyar da wasa. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya jera su, namu a kife, na abokan gaba a buɗe, ya yi ta turawa da tsinke yana cewa in wannan ya zo nan kai ka koma can. Ƙwallo biyu gare mu. Ɗaya ta sha faci wurin mai gyaran takalmi har ta daina tafiya miƙe.

Kuma rabin aikin ba a fili yake ba. Yaranmu makanikai ne da teloli da masu tura amalanke, biyu malaman makaranta. Koci ne zai je ya durƙusa gaban maigidan gareji ya roƙa a sako masa yaro ranar Laraba. Shi zai je wurin uban da ya ce ƙwallo aikin banza ce. In ɗan wasa ya yi faɗa da matarsa, Koci ya sani kafin liman ya sani, don ya ce mutum ba ya barin rigimar gida a bakin layi, da ita yake shiga fili. Da safen wasa ya zaga filin taki-taki yana duban inda aka tona ƙasa don binne asiri. Ga rafali da za a karanta fuskarsa, ga 'yan sapota da yau su ɗauke ka a kafaɗa, Lahadi mai zuwa su jefe ka. Sannan ga Alhaji mai kulob, mai motocin lori, wanda bai taɓa buga ko lemun tsami da ƙafa ba amma kullum yana da ɗan ƙanwa da ya kamata a sa.

Babban sirrin koci kuwa shi ne sunayen sha ɗayan da za su fara wasa. A zamaninmu in abokan gaba suka san sunayen tun da wuri, malami ake kai wa a ɗaure ƙafafu. Ku yi dariya in kun so. Ko ɗaurin bai kama ba, yaron da ya ji an kai sunansa da sunan uwarsa wani wuri ya riga ya sha kashi tun a ɗaki. Bayan haka in sun san wane zai buga, sun san ƙafar da ke masa ciwo, sai su sa ƙato ya bi ta. Don haka Koci ba ya faɗa wa kowa sai safiyar Lahadi. Ko Alhaji sai ya yi ta hargagi. Mutum ɗaya tak yake faɗa wa tun ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni ce, a ƙofar madafa, a hankali, sau ɗaya. Ba na rubutu, kaina ne littafina.

Dalilin faɗa mini kuwa cefane ne. Daga yammacin Juma'a ake shiga kam, wato a tara su gida ɗaya babu fita sai fili. Kowane ɗan wasa da abin da cikinsa ya yarda da shi kafin wasa, kuma ni na san cikin kowa fiye da uwarsa. Dogo, golanmu, ba ya shiga raga sai ya sha fura da nonon Fulanin bayan Vittin. Sule, gola na biyu, nono na ɓata masa ciki, shi ƙwan zabo biyu ne. Kwabena ɗan gefe, ɗan wani kurtun ɗan sanda daga kudu, dokunu, tuwon masara mai tsami irin nasu, da soyayyen kifi. Wani kunun gyaɗa, wani wagashi, cukun Fulani. Shekarun da akwai, na kowa nake saya, mai bugawa da mai zama a benci, kwandona ya cika har sai an ɗora mini.

Sai shekarar yunwa ta zo, tamanin da uku. Ruwa ya ƙi, wuta ta cinye gonaki, kantuna suka zama katako da ƙudaje. Mutane na layi tun asuba don jar masarar agaji. Ka ga babban mutum ƙashin wuyansa ya fito kamar an rataya masa. Sabulu, sukari, madara, sai wurin 'yan kalabule masu ɓoye kaya, a ƙarƙashin tebur, in sun san fuskarka. Yara biyu suka faɗi a tirenin cikin sati ɗaya. Koci ya mayar da tirenin sau ɗaya a rana, ya hau keke yana bin ƙauyuka neman ko tiya ɗaya ta dawa. Sannan ya kira ni ya ce daga yau abinci na musamman sai waɗanda za su buga. Sauran kowa tuwon jar masara. Ya ce ba adalci ba ne, amma shi ne abin da ke akwai.

A shekarar ce aka koro mutanenmu daga Legas, suka dawo cike da motoci. Cikinsu akwai Fuseini, wanda kowa ke kira Ɗan Agege. Ya iso da wando ɗaya da takalmin ƙwallo rataye a wuya. Siriri, ba ya magana, amma in ya karɓi ƙwallo ya juya, 'yan baya sai su kama iska. Shi nasa abincin tubani ne, garin wake da kanwa a naɗe cikin ganye, da ɗan mai da yaji. Ba shi da gareji, ba shi da shago. Kwanon kulob shi ne abincinsa a duniya. Ni dai tun farko ban sake da shi ba. Mutumin da ya zauna Legas shekara huɗu kuma ba ya hira, me yake ɓoyewa?

Wasan farko da abin ya bayyana, Koci ya baza labari a gari cewa idon sawun Fuseini ya kumbura ba zai buga ba. Har ɗingishi ya sa shi yi a gaban mutane. Ranar Lahadi baƙin da suka zo wasa da mu suka fito da mutum biyu da ba su da aiki sai bin Fuseini, tun kafin ya cire rigar sama suna tsaye suna jiransa. Muka sha ɗaya. Sati biyu bayan nan Dogo ya murɗe yatsa a tirenin na ɓoye, Koci ya yanke Sule zai kama, bai faɗa wa ko Sule ba. Ba mu fito daga ɗakin shiri ba muka ji 'yan sapotan baƙi na kiɗa suna waƙa da sunan Sule. Muka sha biyu. Da aka tashi, Koci ya tono laya a gindin sandar raga, ya warware a gabanmu ya karanta. Sunaye sha ɗaya. Bakwai dama duk gari ya san za su buga. Amma huɗun da ake shakka a kansu, duka huɗun daidai.

Daga ranar kam ya zama gidan zargi. Kyaftin na kallon mataimakinsa, masu benci na kallon masu bugawa, malaman makaranta biyun aka ce su ne don sun iya rubutu. Mutum ya tashi zuwa bayan gida, ido goma na binsa. Ni kaina na sallami matar da ke kawo mana itace don ta cika tambaya. Na daina amsa gaisuwar direban Alhaji. Kowa na lissafa shi a raina, kowa na samo masa dalili.

Sai ranar wata Asabar da azahar, lokacin da Koci ke sa su kwanta, ina wanke tukunya a bayan gida na ga Fuseini ya haura katanga da ƙullin abu a cikin riga. Sai la'asar ya dawo. Asabar ta gaba ma haka. Ban tsaya tambayarsa ba. Na ɗaura mayafi na tafi wurin Koci, kuma da ƙafata ta kai ni na tarar Alhaji na zaune, na faɗa a gabansu su biyun, da ƙarfi, don ina jin na kama ɓarawo.

Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa. "Ban faɗa ba? Ɗan Agege! Can suka koyo sayar da uwarsu. Koci, yau ɗin nan ya tattara ya bar mini kulob."

Koci ya ce, "Alhaji, ya haura katanga, zan hukunta shi kan katanga. Sauran ban gani ba."

"Kai sai ka gani? Mai tuwo ta gani!"

"Ta ga ƙulli. Ba ta ga abin da ke ciki ba. Kuma yaron bai san sunayen ba, ta ina zai sayar da abin da bai sani ba?"

"Yana laɓe! Kulob ɗin nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Alhaji, har ƙwallon mai faci. Amma ranar da ka ɗauke ni ka ce ni ke sa ɗan wasa ni ke cire shi. Ba ni wasa ɗaya, na sati mai zuwa. In ban gano ba, ka haɗa mu mu biyu ka kora."

Alhaji ya ce ya ji, wasa ɗaya. Amma kafin magariba maganar ta gama gari, don Alhaji ba ya riƙe magana. 'Yan sapota suka fara tofar da yawu in Fuseini ya wuce. Wani ya jefe shi da dutse a bakin fili. A wurin cin abinci babu mai zama kusa da shi, ni kuma in na zo kansa sai in dangwarar da kwanon in wuce.

Juma'ar da ta biyo Koci ya zo ƙofar madafa kamar kullum. Ya ce Dogo bai warke ba, Sule zai kama. Fuseini benci. Kwabena zai fara. Na ce a raina madalla, an gane gaskiya. Na ɗauki kwando na tafi kasuwa, na sayi ƙwan zabo da dokunu da kifi, ban sayi nono ba, ban sayi garin wake ba. Abin da ban sani ba, ya faɗa wa Alhaji wasu sunaye dabam a asirce, ya faɗa wa kyaftin wasu dabam, ya ce wa kowannensu kai kaɗai na faɗa wa. Ranar Asabar kuma da kansa ya hau keke har rugar bayan Vittin ya sayo nono, matarsa ta yi tubani a gida, ya shigo da su cikin jakar fatar nan.

Ranar Lahadi baƙi suka yi ta waƙar Sule, sai ga Dogo ya fito yana tafa safar hannu. Sun shirya wa Kwabena ƙato, Kwabena na benci yana shan rake. Fuseini kuwa babu wanda aka sa masa. Kafin su gyara tsayuwa ya jefa ɗaya. Haka aka tashi, ɗaya da nema. Namu 'yan sapotan ma rabi ba su yi masa tafi ba, wai ya ci ne don ya wanke kansa. Ni ina gefe da bokitin ruwa ina mamakin me ya sa Koci ya sake shawara bai gaya mini ba, har na ji haushi, don ƙwan zabon nan da kyar na same shi.

Litinin da hantsi ya shigo madafa ya jawo turmi ya kife ya zauna. Ya ciro laya daga aljihu, ta jiya, ya ce sunayen da ke ciki ba na Alhaji ba ne, ba na kyaftin ba ne. Waɗanda ya faɗa mini ne.

Na ajiye muciya. "Koci Isaka, ni? Ni da ka ci tuwona shekara shida? In ni ce, Allah ya..."

"Kar ki rantse, Mma. Ban ce kin sayar ba. In kin so kashe mu, tukunya na hannunki tun tuni. Ba ni labarin cefanen Juma'a kawai. Daga fitarki har dawowarki, kar ki tsallake komai."

Na ba shi, ina huci. Na ce na fara da 'yan kifi. Na bi ta wurin masu ƙwai. Na sayi dokunu wurin 'yan ƙabilar Fantin nan. Daga ƙarshe na tsaya wurin Lariba kamar kullum.

"Wace ce Lariba?"

"Ƙawata ce mai kayan miya, rumfarta na bakin tashar lori. Ita ke ɓoye mini sabulu tun da abin nan ya fara. Nakan sauke kaya in sha ruwa, ita kuma ta sake shirya mini kwandon don kar abu ya fashe."

"Ta taɓa tambayar ki wa zai buga?"

"Ko sau ɗaya. Da ta tambaya da na ci mutuncinta."

"To me ta ce ran Juma'a?"

"Ba komai. Tana jera kaya ta ce, a'a Adiza, yau ma babu nono? Na ce babu. Ta ce garin wake fa, ko kin manta? Na ce ban manta ba, ba a bukata. Ta ce wannan ƙwai haka, a hankali da..."

Nan na tsaya. Koci na kallon wuta.

Shekara da shekaru ina zama a rumfar nan ina cika baki. Dogona ba ya kama ƙwallo sai da furata. Sulena ƙwan zabo. Sabon yaron nan na Agege in bai ci tubanina ba ƙafarsa ba ta tashi. Ni na koya mata karatun da bakina. Da, kwandon na ɗauke da na kowa, babu abin da zai nuna. Da yunwa ta sa muka koma sayen na masu bugawa kaɗai, sai kwandona ya zama takardar sunaye, ni kuma ina kai mata shi har rumfa duk Juma'a, in zauna in sha ruwa tana karantawa. Ƙanin mijinta ne ke lodin motoci a tashar, ta hannunsa duk baƙin da suka sauka ke bi. Me ake ba ta, ban sani ba. Na dai tuna a shekarar da mutane ke cin ganye ta yi sabon zane biyu.

Na ce, "Ƙullin da yaron ke fita da shi fa?"

Ya ce Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙarata ya bi shi a keke daga nesa. Gurugu yake zuwa, wani ɗaki a bayan injin niƙa. Uwarsa ce a ciki, tsohuwa, ido ya tafi. Rabin kwanonsa yake kai mata. Wato duk ƙwallon da yake bugawa, da rabin ciki yake buga ta.

Sannan ya ce, "Zan gaya wa Alhaji na toshe ƙofar, ba zan faɗi suna ba. Ni na sake tsarin cefane ban yi tunanin kasuwa ba, laifin daga kaina ya fara. Ke dai ki sake hanya."

Ya je ya faɗa. Alhaji ya ce shi ba ya son ƙofa, suna yake so, in babu suna to Ɗan Agege ne Koci ke rufa wa asiri, kuma Laraba in ya zo fili kar ya tarar da shi. Direbansa ne ya kawo mini labarin, wanda na daina gaisarwa. Koci bai zo ya roƙe ni komai ba. Talata ya ci abincina, ya ce miya ta yi daɗi, ya hau kekensa. Na san abin da zai yi, zai tsaya kan yaron su tafi tare, ya bar ni da tukunyata da sunana mai kyau.

Laraba da la'asar fili ya cika, don an ji za a yi kora. Alhaji na kan kujerarsa, Fuseini na tsaye can gefe da takalminsa a wuya kamar ranar da ya zo. Na ɗaura zanena na fita kunya, na ɗauki kwandon nan wayam, na ratsa tsakiyar fili inda mace ba ta taɓa takawa ba, na dire shi gaban Alhaji.

Na ce, "Alhaji, suna kake so. Ga munafukin, ka kore shi. In kuma ba a korar kwando, ga mai ɗaukarsa."

Na faɗi komai, nono da ƙwai da garin wake da rumfar Lariba, da ƙarfin da na kai ƙarar yaron, don waɗanda suka ji wancan su ji wannan. Maganar uwarsa ce kaɗai ban faɗa ba, wannan tasa ce. Sai Dogo ya fashe da dariya ya ce, "Wato Mma, duk ƙwallon da na sha a bara ma furarki ce?" Na ce, "Na bara hannunka ne, kar ka ɗora mini." Aka yi dariya, amma Alhaji bai yi ba. Ya ce to mai tuwo ta tattara tukwanenta.

Koci ya cire usur daga wuya ya miƙa masa. "Alhaji, madafa ƙarƙashina take kamar raga. In za ka zaɓa mini mai girki, karɓi wannan ka zaɓi sha ɗayan Lahadi ma. Matar da ta tako fili ta faɗi wannan da bakinta, ita nake so kan tukunyata."

Alhaji ya dubi usur, ya dubi jama'a, ya ce shi sallah zai tafi. Koci ya busa, ya ce Fuseini ya sa takalmi, kuma zai zaga fili sau goma saboda katanga.

Daga nan na sake cefane. Kasuwa uku nake bi, kwandona a rufe da zane da ƙullina. Wani satin in sayi garin wake a gaban kowa alhali Fuseini na benci, mu ci tubanin mu duka. Lariba kuwa ban yi faɗa da ita ba. Na ci gaba da tsayawa rumfarta wata biyu ina kai mata kwandon da Koci ya shirya, har baƙi suka gane labarin da take sayar musu ya lalace suka daina saye. Har ta mutu muna gaisawa, har ta mutu ban sake shan ruwanta ba.

Koci Isaka bayan shekara biyu aka kore shi, mun sha wasa uku a jere, kamar yadda ake korar kowane koci. Waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa su suka yi masa ihu. Na yi aiki da uku bayansa, babu wanda na yarda ya faɗa mini sunaye.

Fuseini bai ce mini komai ba ranar, bai ce washegari ba. Ni ma ban ba shi haƙuri da baki ba, ban iya ba. Ran Asabar dai na zuba masa kwanonsa cike, na ajiye wani ƙullin tubani dabam a kan katanga, daidai inda yake haurawa, Koci kuma ya zauna ya juya wa katangar baya yana ɗinkin takalmi. Sati bakwai muna haka, ya ɗauka ya tafi, ba ya duban inda nake. Ran na takwas ya dawo da la'asar ya tsaya ƙofar madafa ya ce:

"Mma, tsohuwa ta ce kanwa ta yi yawa."

Na ce, "Ka gaya mata ta zo ta koya mini."

Kanwar kuwa daidai take. Amma Asabar ta gaba na rage.